Kwalbar da ke Ƙarƙashin Gadon Kassim

Ƙala'at an-Nahal, ranar Asabar

Zuwa ga taubashiyata Ummusalama, yayar mijina, wadda har gobe ba ta yarda ni ce uwar ɗakinta ba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da tukunyar shayinki. Mu nan alhamdu lillahi. Inna na fama da gwiwa kamar kullum, ni kuma cikin nan ya kai inda ba na ganin yatsun ƙafata.

Tun da aka yanke shabakar waya, talafon ɗina ya koma madubi. Shi ya sa na yago takarda zan ba Haladu direba, tunda lorinsa ba ya fashin kai riɗi kasuwar Gadarif. Kada ki yi dariya. A littattafan da nake karantawa duk macen kirki wasiƙa take rubutawa, ga shi Allah ya sa ni a sahunsu.

Jiya Haladu ya shigo gaida Inna, ya ce ya leƙa mustashfa, asibitin nan, ya hango ƙanenki ta gilashin taga yana barci, da jihazin numfashi a bakinsa. Ya ce wallahi ya yi ƙiba, kumatu sun cika, wuya ya yi kauri kamar na ɗan kasuwa. Inna ta yi guɗa, ta raba wa yaran unguwa dabino. Ni ma na yi murna, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini. Mutumin da korona ta kayar, aka ɗora shi a bayan lori ana ƙirga haƙarƙarinsa, me suke ba shi haka? Ta ina abincin yake shiga, tunda baki a toshe yake? Kuma shi jihazin nan, shi yake numfashin ko taya shi yake yi? In shi yake yi, to ƙanenki me yake yi a kwance, mafarki?

Na karanta wani littafi inda miji ya farfaɗo daga doguwar suma, kalmar farko da ya furta sunan matarsa ne. Ki kasa kunne, don Allah. In sunanki ya fara kira kada ki faɗa mini.

Taki,
Huseina

Gadarif, ranar Talata

Huseina sarkin tambaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki, ki gaida Inna ki ce ta riƙa ɗumama gwiwar. Ki yi haƙuri da rubutuna, tafiyar kaza ce.

Haladu riɗi ya sani, bai san mutum ba. Kassim bai yi ƙiba ba, kumburi ne. Na so in ɓoye miki saboda cikinki, sai na tuna in na ɓoye za ki ƙago wanda ya fi shi muni.

Ga yadda diktora ta yi mini bayani, wata doguwa mai suna Hawwa, tana shan shayi a wurina. Ta ce ciwon ya cinye huhunsa har ya yi laushi kamar tsohon buhu. Jihazi kuwa turawa yake yi, da ƙarfi, don numfashi ya isa inda ya kamata. Tsohon buhu in ana ɗura masa kaya ana dannawa, kin san abin da ke faruwa. Wani wuri ya ɓarke. Iskar da ake tura masa ta riƙa zurarewa ta wannan ɓarakar, ta taru a cikin ƙirji, ta hau wuya, ta shiga ƙarƙashin fata har fuska.

Sun sa mini riga da safar hannu sun bar ni na shiga sau ɗaya. Na taɓa wuyansa, ya ukhti, sai na ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsana kamar an taka busasshen kwanson riɗi. Na janye hannu da sauri. Ƙanena ne, ni na goye shi, ban taɓa jin tsoron jikinsa ba sai ranar.

Diktora ta ce ta ƙarƙashin fata ba ita ce abin tsoro ba, jiki zai shanye ta. Wadda ta taru a gefen huhu ita ce mugunyar, don tana danne shi ya kasa buɗewa. Saboda haka suka huda gefensa tsakanin haƙarƙari, suka sa bututu, suka kai bakinsa cikin wata kwalba mai ruwa da ke ƙasa, ƙarƙashin gado. Duk numfashin da ya yi sai ruwan ya yi ɓulɓul, kamar jabanar gahawa ta kusa tafasa. Sun kuma rage ƙarfin jihazin don kada ɓarakar ta ƙaru. Abinci ta hanci yake shiga, ta wani siririn bututu, kunu-kunu ne ba abin ƙiba ba.

Suna sa ran cire masa jihazi in ya ci gaba haka. In sun cire za su mai da shi ɗakin maza, can kuwa namiji ake so ya zauna da shi. Ki ce wa Inna ta turo ɗan'uwanmu Mahmudu da ya gama yankan riɗinsa.

Bai kira sunan kowa ba. Mutum da bututu a maƙogwaro ba ya kiran suna, sai a littafinki.

Yayarki, ko kin ƙi ko kin so,
Ummusalama

Ƙala'at an-Nahal, ranar Juma'a

Yaya Ummusalama (na ba ki yau kaɗai),

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Allah ya saka miki. Mu lafiya lau, sai ɗan cikin nan da ya mai da haƙarƙarina ganga.

Na karanta wa Inna takardarki, na tsallake wurin ƙaras-ƙaras. Ta ce kumburi ai aikin wanzami ne, a tura Wada ya yi masa ƙaho. Da ƙyar na shawo kanta, na ce diktora ta riga ta yi nata ƙahon, kuma nata ya fi na Wada tsawo.

Ni kuwa kwalbar nan ta hana ni sukuni. Ashe akwai inda ake ganin numfashin mutum da ido! Da ina kusa da na zauna ƙasa na yini ina kallonta. Ɓulɓul ɗin manya ne ko ƙanana? In ya yi mafarki mai daɗi suna canzawa? Ruwan ba ya ƙarewa?

Yanzu ga abin da Allah ya nuna mini, kuma ina jin ko a littafi ba a taɓa yin irinsa ba. Kin san abin da ya fi damun Inna shi ne ɗanta bai sha rubutu ba tun da ya kwanta. A gidan nan ko zazzaɓin kwana ɗaya ba ya wucewa ba a wanke allo ba. Baki a toshe, hanci na diktora ne. To amma ga ruwa a kwalba, ga bututu daga ruwan har cikin ƙirjinsa, daidai inda ciwon yake. Wace hanya ta fi wannan kusa? Na je wurin Malam ya rubuta ayoyin waraka, muka wanke da sauran Zamzam ɗin da Inna take ɓoyewa a akwatinta. Ban gaya wa Malam inda za a zuba ba, na ce na mai jinya ne kawai.

Yaya Mahmudu ya gama yanka, ya tsayar da dammunansa, gobe da safe zai hau motar boksi ya taho. Na ba shi ruwan a gorar roba, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya zuba a kwalbar. Sannan ya ɗauke ta daga ƙasa ya ɗora a wuri mai tsayi, don ba a ajiye ayar Allah inda takalma ke wucewa. Ya maimaita mini sau biyu. Kin san shi, abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

Wannan takardar Haladu zan ba, don ki sani ki taya shi.

Taki,
Huseina

Ƙala'at an-Nahal, ranar Litinin

Ummusalama,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, bar wannan. KI HANA YAYA MAHMUDU TAƁA KWALBAR NAN. In kina karatun nan a wurin shayi, ki bar wuta ki ruga.

Da safen nan marmarin ganin ɓulɓul ɗin ya kama ni. Na ɗauko tiyon da ƙanenki yake zuƙo man jaz daga barmil zuwa tarakta, na wanke shi, na cika kwalba rabi da ruwa, na ajiye a ƙasa, na zauna bisa angareb, gadon igiyar nan, ina hurawa. Ya yi ɓulɓul kamar yadda kika faɗa, har na yi dariya ni kaɗai. Na ja numfashi, ruwan ya ɗan hau ya koma, bai iso ni ba. Sai na ce bari in ɗora ta kan bangon rakuba, rumfarmu ta tsakar gida, in ga da kyau. Tiyo na bakina. Ina ɗorawa, ina jan numfashi, sai ruwa ya gangaro gaba ɗaya cikin maƙogwarona. Na shaƙe, na yi ta tari har Inna ta fito tana salati.

Ni bakina ne, na tofar. Shi ƙirjinsa ne, ta ina zai tofar?

Ashe ba don raini suka ajiye ta a ƙasa ba. Sau nawa na ga ƙanenki yana ɗora jarka a sama don jaz ya gangaro, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Na ruga gidan su Haladu da cikin nan, sai na tarar lorinsa a kwance tun ranar Juma'a, an kwance masa ciki, takardata ta Juma'a tana aljihunsa. Ke nan ba ki san komai ba, Yaya Mahmudu kuwa ya kwana biyu a wurinku. Haladu ya ce yau za a tashi motar ko da turi ne. Na zauna a bakin garejin, na ce ba zan tafi ba sai na ga ƙurarsa.

Huseina

Gadarif, ranar Laraba

Huseina,

Sallama. Takardunki biyu sun zo tare. Abin da kika ji tsoro ya riga ya faru tun ranar Lahadi. Yau da safe kwalba ta yi shiru, ba ɓulɓul ko ɗaya. Haladu na danna mini oda, sauran bayani sai na zauna.

Ummusalama

Ƙala'at an-Nahal, ranar Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban san yadda ake tambayar lafiya a irin wannan takarda ba.

Na karanta layukanki har takardar ta yi laushi. Kin ce duk numfashin da ya yi sai ruwa ya yi ɓulɓul. Yanzu kin ce ruwa ya yi shiru. Na tambayi Haladu, ya ce shi bai shiga ba, a bakin titi kika miƙa masa, kuma idonki ja ne.

Ban gaya wa Inna ba. Tana tsakar gida tana tankaɗen garin kisra tana cewa in ɗanta ya dawo sai ya ci da miyar kuɓewa. Na ce mata kaina ke ciwo.

A littattafai, in za a faɗa wa mace irin wannan labari, a kan zo da mutum uku su zauna a zaure. Tun jiya duk wanda ya yi sallama sai in leƙa in ga ko su nawa ne. Ba wanda ya zo sai mai sayar da gawayi.

Kada ki lallashe ni, kada ki zagaya. Ki rubuta kalma ɗaya. In an riga an kai shi, ki faɗa mini inda aka sa shi, kuma ki faɗa mini ko ruwana ne.

Huseina

Gadarif, ranar Asabar

Huseina, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. YANA DA RAI. Ga kalmarki, har uku na ba ki. Yanzu haka yana zaune an tokare shi da matashi yana yi wa Mahmudu faɗa a kan yadda ya ɗaure dammunan riɗi. Idona kuwa hayaƙin gawayi ne da rashin barci. Laifina ne da na rubuta miki rabin magana, ki yafe ni.

Shirun kwalba shi ne abin da ake ta roƙo. Ɓulɓul ɗin nan ba numfashinsa ba ne, abin da ke zurarewa ne ta ɓaraka. Da ya daina, ɓaraka ta haɗe ke nan. Ni ma sai ranar Laraba na sani, da na ga diktora Hawwa ta durƙusa ta ce masa ya yi tari, ya yi, ruwa bai ce komai ba, ta miƙe tana murmushi.

Amma kin ce kada in zagaya, to ga abin da ya faru. Ranar da Mahmudu ya iso an riga an cire jihazi, an kawo Kassim ɗakin maza, har yana kurɓar ruwa da cokali. Da ya miƙa masa gorar a baki da shi ke nan. Amma an ce masa kwalba, to kwalba. Ranar Lahadi da hantsi, ina wurin shayi, Kassim na barci, Mahmudu ya ɓare filastar da aka liƙe murfin da ita, ya buɗe, ya zuba, ya rufe, ya yi bismilla ya ɗora ta kan taga. Mutumin gadon kusa ya ce baƙin ruwan ya bi bututu kamar maciji. Kassim ya farka yana haki, leɓensa ya canza launi. Mumarrida Fatu, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta shigo da gudu, ta matse bututun da hannu ta sauke kwalbar, tana zagin Mahmudu da Larabci da Hausa har da wani yaren da ban sani ba.

Buɗewar ta sa iska ta koma ciki, huhun ya sake kwantawa, ruwan ma kaɗan ya shiga. Suka canza kwalba da bututu, suka mai da shi kan iskar silinda, zazzaɓi ya kama shi mai zafi. Kwanakin nan ban san ina sayar da shayi ko ruwan zafi ba. Diktora ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai an mai da shi kan jihazi, kuma ba ta da tabbacin huhun zai jure turi na biyu. Yanzu zazzaɓi ya sauka, fuskarsa ta saɓe ta dawo tasa mummuna. In hoton ƙirji ya yi kyau za su zare bututun. Amma ta ce bana ba shi ba tarakta, ba shi ba ƙurar sussuka, ba ɗaukar buhu.

Na tambaye ta, ko rubutun ne ya ɓata? Ta ce ita ma uwarta na ba ta rubutu, amma ta baki. Ta ce ƙofar ƙirji ta fita ce kawai, ko Zamzam ba ya shiga ta nan.

Mahmudu ya ce wa kowa dabararsa ce, har Kassim. Ya ce in gaya miki ki bar shi a haka, shi ya saba shan faɗa, ke kuma ga ciki. Ni ma shawarata ke nan. Ki ƙona takarduna, ki ci kisra.

Yayarki,
Ummusalama

Ƙala'at an-Nahal, ranar Litinin

Yaya Ummusalama,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na yi sujada da cikin nan, sai da Inna ta ɗaga ni. Muna lafiya, yau na ci abinci.

Ki gode wa Yaya Mahmudu, ki ce Allah ya biya shi, amma ban karɓa ba. Shekara guda ƙanenki zai zauna a inuwa yana kallon tarakta a hannun wani. Ba zan iya kawo masa shayi kullum yana harar ɗan'uwansa a kan abin da na ƙulla ba. Na riga na gaya wa Inna. Ta ce ai da ita aka wanke allon, sannan ta hana ni taɓa tiyo har abada.

Ki karanta wa ƙanenki takardata ta ranar Juma'a, daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai. Abin da ya ce ki rubuto mini yadda ya faɗa.

Tambaya ɗaya kawai: in sun zare bututun, ramin da ya bari yana rufewa da kansa?

Taki,
Huseina

Gadarif, ranar Laraba

Huseina,

Sallama. Ni ne da hannuna, shi ya sa layin ke rawa. Ina samun sauƙi. Ki gaida Inna, ki gaida wanda ke ciki.

Ummusalama ta karanta mini. Na so in yi dariya, ɗinki ya hana. Ai tun ranar na sani. Shekara talatin ina tare da Yaya Mahmudu, bai taɓa yin dabara tasa ta kansa ba, balle mai kyau haka da za ta kusa kashe mutum. Na yi masa faɗan ne don ya ji daɗi.

Na ji tsoro ranar, ba zan ɓoye miki ba. Har yanzu in na ja numfashi sai in tsaya in saurara. Tarakta kuma tana raina. Amma ba wanda ya zauna ya yi ta tunanin hanyar da addu'a za ta bi ta iso ƙirjina sai ke. Sauran da ya rage a gorar na shanye, ta baki.

Sun zare bututun. Ramin ɗinki biyu ne, za ki gani da idonki, kuma na san sai kin taɓa. Ki fitar mini da angareb ƙarƙashin rakuba. Ranar kasuwa ina gaban lorin Haladu, ba a baya ba.

Mijinki,
Kassim